DINGO: KAREN DAJIN OSTIRELIYA DA ASALIN SUNANSA

A wannan wata za mu yi doguwar tafiya zuwa ƙasar Ostireliya, don mu ji labarin wata dabba da ake kira dingo. Dingo kare ne, amma irin karen da ke zaune a daji yana neman abincinsa da kansa. Abin da za mu fi bin diddiginsa shi ne sunan nasa: daga bakin wa ya fito, me yake nufi tun asali, kuma yaya aka yi ma'anarsa ta juya. Hausawa sun ce suna linzami ne. To, a wajen dingo linzamin nan yana ja da ƙarfi, domin sunan da aka kira shi da shi a takardun hukuma yana da hannu wajen ko a ƙyale shi ko a zuba masa guba.

Wace irin dabba ce?

Ostireliya babbar ƙasa ce da ke kudu maso gabas da nahiyar Asiya, teku ya kewaye ta ko ta ina. Girmanta ya ninka na Nijeriya fiye da sau takwas, amma tsakiyarta yawanci hamada ce da fako. Ana samun dingo a yawancin sassanta, a hamada da kurmi da kan duwatsu da bakin teku.

Wanda ya saba ganin karnukan farauta na ƙauye, in ya hangi dingo zai ɗauka ɗaya ne daga cikinsu. Siriri ne mai dogayen ƙafafu, kunnuwansa a tsaye, wutsiyarsa mai gashi buzu-buzu. Mafi yawansu ja-ja ne, launin jan rairayi, da fari a tafin ƙafafu da ƙarshen wutsiya. Akwai kuma baƙaƙe masu ɗigon ja, akwai farare. Babban dingo yakan kai nauyin kilo 13 zuwa 20, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa ya ɗan wuce rabin mita.

Halinsa ne ya raba shi da karen gida. Ba ya yawan haushi. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne wani dogon kuka da yake ja da dare ko da asuba, don kiran 'yan uwansa ko gargaɗin baƙi su san wurin da mai shi. Karyar gida takan iya haihuwa sau biyu a shekara, amma ta dingo sau ɗaya take yi. Tana ɗaukar ciki na wata biyu da 'yan kwanaki, ta haifi 'yan kwikwiyo kamar biyar a rami ko kogon dutse, yawanci tsakanin Yuni da Agusta, lokacin sanyi ke nan a can. Dingo yana cin zomaye da ɓeraye da tsuntsaye da ƙadangaru. In sun haɗu a garke sukan kayar da kangaru, wato dabbar nan mai tsalle da ƙafafun baya wadda ke goyon ɗanta cikin wata jaka a cikinta.

Yaya ya isa can?

Mutanen farko sun shiga Ostireliya tun shekaru 50,000 da suka wuce, ko ma fiye. Su ne ake kira Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar. Amma ba tare da kare suka zo ba. Dingo ya biyo baya da nisa.

Masana sun gane haka ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ƙasusuwa. Mafi tsufan ƙashin dingo da aka tabbatar da shekarunsa an tono shi ne a kogon Madura, a kudancin ƙasar, kuma awon da aka yi masa a 2018 ya nuna ya ɗan haura shekaru 3,000. Hanya ta biyu ita ce tsibirin Tasmaniya. Da can a haɗe yake da sauran ƙasar, ana iya zuwa da ƙafa, sai teku ya taso ya raba su kimanin shekaru 12,000 da suka wuce. Ba a taɓa samun dingo ko ƙashinsa a Tasmaniya ba. Ke nan ya iso ne bayan ruwa ya riga ya datse hanya.

Tun da kare ba zai iya ƙetare teku da iyo ba, masana sun yarda cewa matafiya ne daga wajen Asiya suka kawo kakanninsa cikin kwale-kwale. Danginsa mafi kusa a yau shi ne wani karen daji da ke tsaunukan tsibirin Niyu Gini, arewa da Ostireliya. Mu riƙe wannan batu da kyau: dabbar da ake kira ta daji, a jirgin mutane ta shigo ƙasar.

Ranar da aka fara rubuta sunan

Turawa sun ga dingo tun kafin su san sunansa. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila mai suna William Dampier, da ya sauka a gaɓar yamma a 1699, ya rubuta cewa mutanensa sun ga wasu ramammun dabbobi masu kama da kyarkeci mai jin yunwa. Bai tambayi kowa sunansu ba.

Sai a Janairun 1788 jiragen ruwa 11 suka iso daga Ingila bayan tafiyar wata takwas, ɗauke da fursunoni fiye da 700 da sojoji masu gadinsu, ƙarƙashin Gwamna Arthur Phillip. Ranar 26 ga wata suka kafa sansani a wurin da birnin Sidni yake a yau. Sun tarar da mutane a wurin, waɗanda ake kira Eora, masu magana da harshen da masana ke kira Dharug ko harshen Sidni.

Cikin sojojin akwai wani hafsa mai suna Watkin Tench, mutum mai lura da son rubutu. A littafinsa na labarin tafiyar, wanda aka buga a Landan a 1789, ya bayyana cewa mutanen nan ba su da wata dabbar gida sai kare, kuma da harshensu suna ce masa dingo. Wannan ne karo na farko da kalmar ta fito a littafi. Tench ya ƙara da cewa karnukan suna gudun Turawa amma sun shaƙu da masu su ƙwarai, har wani lokaci masu su kan cuna su ga Baturen da suka tarar shi kaɗai a jeji. Ya ce Gwamna ma ya samu ɗaya yana kiwo.

A lura da inda Tench ya ga dabbar. A wurin zaman mutane ya gan ta, kusa da masu ita, tana bin su.

Me sunan yake nufi?

Masana harshe da suka bi takardun da Turawan farko suka tara kalmomin Dharug a ciki sun ce asalin kalmar dingu ce, ma'anarta kuwa karen da ya saba da mutane, wanda ke zaune a sansani. Mu ce karen gida. Da yake kowane Bature yana rubuta abin da kunnensa ya jiye masa ne, kalmar ta fito da rubutu iri-iri, wani ya rubuta tingo, wani tungo. A wata takardar ma an fassara ta da karya, wato ta mace.

Wanda ke yawo a daji kuwa da sunansa dabam, shi ne warrigal. Wannan kalma ita ma ta shiga Turancin Ostireliya, inda aka riƙa amfani da ita ga duk abin da ba a hore ba. Dokin da ya gudu ya koma daji sukan ce masa warrigal, har wani ganyen miya da ke fitowa da kansa a bakin teku da wannan suna ake kiransa.

Ba mutanen Sidni kaɗai ke raba sunayen biyu ba. Mutanen Yarralin da ke arewacin ƙasar suna ce wa na gida walaku, na daji kuma ngurakin. Ƙabilar Butchulla ta tsibirin K'gari, a gabas, suna kiran na sansani wat'dha, na daji wongari. A harshen Pitjantjatjara na tsakiyar hamada sunan kare papa ne, in na daji ake nufi sai a ce papa inura.

Dalilin wannan rabuwa yana cikin yadda 'yan ƙasar suka zauna da dabbar. Sukan je ramin dingo su ɗauko 'yan kwikwiyo su rene su a sansani. Kwikwiyon ya taso tare da yara, yana gadi da dare, yana ɗumama masu barci lokacin sanyi, yana raka mata da maza neman abinci. Da yawansu in sun balaga sai su koma daji su hayayyafa, a kuma sake ɗauko 'ya'yansu. Dabba ɗaya ce mai zama biyu, don haka aka ba kowane zama sunansa. Irin matsayin da na gida ke da shi ya fito fili a wani kogon dutse da ake kira Curracurrang, kudu da Sidni, inda aka tarar da dingo da aka binne kamar yadda ake binne mutane, wasu tun kimanin shekaru 2,000 da suka wuce.

Abin da ya faru ke nan: baƙi sun ɗauki sunan karen gida suka laƙaba wa na daji, suka bi ƙasar da shi kusurwa-kusurwa. A yau duk duniya in an ce dingo, na daji ake nufi.

Baƙo ko da ido makaho ne

Kada mu yi mamakin wannan kuskure. Turawan farko sun zaci duk 'yan ƙasar harshe ɗaya suke yi, alhali a lokacin akwai harsuna fiye da 250. Labarin kalmar kangaru ya isa misali.

A 1770 jirgin Kyaftin James Cook ya samu matsala, ya tsaya gyara a bakin wani kogi can arewa maso gabas. A nan mutanensa suka ji ƙabilar Guugu Yimithirr suna cewa gangurru, sunan wani jinsi guda na dabbar, suka rubuta. Bayan shekara 18 Turawan da suka sauka a Sidni suka zo da kalmar a bakinsu, suna faɗa wa mutanen Eora, da zaton harshensu ne. Tsakanin wuraren biyu kuwa akwai fiye da kilomita 2,000. Mutanen Eora ba su taɓa jin kalmar ba, nasu sunan dabbar patagaran ne. Sai suka ɗauka Turanci ne mai nufin dabba. Tench ya lura cewa kowace dabba aka nuna musu sai su ce kangaru, in ban da kare. Daga baya, da ya gane inda aka yi saɓani, ya ba da labarin yadda wani mutumin wurin mai suna Colbee ya ga shanu ya tambaye shi ko kangaru ne.

Kowa yana zaton yana magana da harshen ɗan uwansa, alhali ba harshen ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Kare kaɗai ya tsira daga wannan ruɗani, domin shi ne dabbar da ɓangarorin biyu suka riga suka sani, kowa da sunan da yake kiransa.

Sunan da masana suka ba shi

Masana ilimin dabbobi suna ba kowace dabba suna da harshen Latin, don a gane ta a ko'ina. A 1792 Robert Kerr ya ba wannan kare wani suna mai nufin karen ƙarshen kudu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1793, wani Bajamushe mai suna Friedrich Meyer ya kira shi Canis dingo. Canis shi ne kare da Latin. Sunan Meyer ne ya karɓu, har a 1957 hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi ta soke na Kerr. Ta haka kalmar mutanen Sidni ta shiga littattafan kimiyya.

Duk da haka gardama ba ta ƙare ba. Wasu masana sun ce dingo jinsi ne mai zaman kansa. Wasu sun ce reshen kyarkecin Turai da Asiya ne, suna rubuta Canis lupus dingo. Wasu kuma sun ce tsohon irin karen gida ne da ya koma daji, don haka sunansa Canis familiaris kamar kowane kare. Mai karatu zai ga tambayar nan ce dai ta farko ta dawo: na gida ne ko na daji?

Da tumaki suka zo

Zaman lafiyar dingo da baƙi bai daɗe ba. Turawa sun zo da tumaki, a 1797 kuma aka shigo da irin merino masu yawan gashi, har ulu ya zama babbar dukiyar ƙasar. Tunkiya ba ta gudu sosai, ba ta faɗa. Dingo ɗaya ko biyu na iya shiga garke cikin dare su kashe ko su raunata tumaki da yawa fiye da abin da za su ci. Asarar makiyaya gaskiya ce, kuma duk mai dabba ya san zafinta.

Sai aka shiga yaƙi da shi, da bindiga da tarko da guba. Hukumomi suka riƙa biyan lada ga duk wanda ya kawo fatar kan dingo. Aka kuma kafa shingen waya mai tsawon kilomita 5,614, kusan tafiyar Kano zuwa Ikko sau biyar, tsayinsa kusan mita biyu. Ya taso daga jihar Kwinsland a gabas har bakin teku a jihar Ostireliya ta Kudu. Tun shekarun 1880 aka fara kafa sassansa don tare zomaye, daga baya aka gyara aka haɗa su don hana dingo shiga ƙasar kiwon tumaki ta kudu maso gabas. Har yanzu akwai ma'aikata masu zagaya shi suna toshe inda ya ɓalle.

A wannan zamani ne sunan ya ƙara juyawa. A bakin Turawan Ostireliya dingo ya zama zagi. In aka ce wa mutum dingo, ana nufin matsoraci ne ko maci amana. Kalmar da ta fara da nufin karen da ke kwana kusa da yara ta koma abin da ake jifan maƙiyi da shi.

Ba kuma za a ce dingo abin wasa ba ne. A 1980 dingo ya ɗauke wata jaririya 'yar mako tara daga tantin iyayenta kusa da dutsen Uluru. Ba a yarda da maganar uwar ba, aka ɗaure ta a 1982 bisa zargin kisa, aka sake ta a 1986, sai a 2012 kotun bincike ta tabbatar cewa dingo ne ya yi ɓarnar. A tsibirin K'gari doka ta hana baƙi ba shi abinci, domin wanda ya saba karɓa daga hannun mutane shi ya fi yin cizo.

Dingo ko karen daji?

A yau takardun hukuma da yawa a Ostireliya ba su cika cewa dingo ba in ana maganar kisa. Sukan yi amfani da wata kalmar Turanci mai nufin karen daji, wadda ta haɗa dingo da karnukan gida da suka gudu da kuma barbarar yanyawa tsakaninsu. Mutumin birni in ya ji an ce za a zuba wa karnukan daji guba ba zai damu ba, zai zaci karnuka ne marasa galihu. Da dingo aka ce, da ya tambayi dalili.

Shekaru da yawa ana zaton dingo na ainihi ya kusa ƙarewa saboda cuɗanya da karnukan gida. A 2021 wata masaniya mai suna Kylie Cairns da abokan aikinta suka fitar da sakamakon awon ƙwayoyin gado na irin waɗannan dabbobi fiye da 5,000 daga sassan ƙasar. Kashi 99 cikin 100 sun fito ko dai dingo tsantsa ko waɗanda jinin dingo ya rinjaya. Karnukan gida zalla 31 kacal aka samu. Ashe mafi yawan abin da ake kashewa da sunan karen daji dingo ne.

Masu bincike sun kuma gwada ɓangarorin shingen nan biyu. A inda dingo ya yi ƙaranci kangaru sun yi yawa suna cinye ciyawa, yanyawar Turai kuma, wadda baƙi suka shigo da ita, tana cinye ƙananan dabbobin ƙasar. Saboda haka wasu masu kiwon shanu sun daina kashe shi, don yana rage musu masu cin ciyawa. Masu tumaki kuwa sun ce in aka sassauta, sana'arsu ta mutu. A gandun dajin gwamnati doka na kare dingo a matsayin dabbar ƙasa, a gonar da ke maƙwabtaka da gandun kuma doka ta yarda a kashe shi, wani wurin ma ta wajabta.

Ina masu harshen?

Mutanen da suka ba duniya wannan kalma sun sha wuya. A Afrilun 1789, shekarar da littafin Tench ya fito, cutar agana ta ɓarke a yankin Sidni. Gwamna Phillip da kansa ya ƙiyasta cewa ta kashe rabin 'yan ƙasar da ke wurin. Waɗanda suka rage aka ƙwace musu filaye, sannu a hankali harshen ya daina fita a bakin yara.

Amma bai ɓace duka ba. Wani hafsa mai suna William Dawes ya zauna da wata budurwa mai suna Patyegarang tana koya masa harshen yana rubutawa. Littattafan rubutunsa suna nan a ajiye a Landan, kuma jikokin mutanen Dharug suna amfani da su tare da abin da dattawa suka riƙe don farfaɗo da harshensu. Ban da dingo, sunayen wasu dabbobin ƙasar kamar koala da wallaby da wombat duk daga wannan harshe suka shiga Turanci.

Wasu tsofaffin sunaye ma sun fara dawowa. Tsibirin da Turawa suka daɗe suna kira Fraser, a 2023 gwamnatin Kwinsland ta mayar masa da sunansa na asali, K'gari. Ma'aikatan gandun dajin tsibirin kuma yanzu sukan kira dabbar wongari, kamar yadda Butchulla ke kiran na daji tun kaka da kakanni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara fiye da 200 bayan Tench, an fara komawa wajen masu ƙasa ana tambayarsu wane suna ne na wane kare.